Wutar da Ba Ta da Garwashi

Tun ranar da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa ba. A bakin rijiya, "Rabi, yaya Yamai?" A gindin turmi, "Rabi, da gaske mota tana bi ta saman kogi?" Na gaji da faɗin abu ɗaya sau goma, kuma kullum sai na tsallake wani wuri. Shi ya sa na ɗauko kaye, littafin rubutun da muke karatun manya da shi, na zauna. Hannuna bai faɗa da rubutu ba, aji biyu kawai na yi a lakwal. Wadda ta iya karatu ta karanta wa sauran.

Zan fara da abin da ban faɗa muku ba. Ba da murna na tafi ba, da tsoro na tafi. Kun san ɗiyata ta fari, zawo ne ya ɗauke ta tana wata takwas, ta fara rarrafe ke nan. To ɗana Laminu yana cika wata takwas shi ma ya fara. Kwana uku ina wankin zane, maɗigarsa ta faɗa, nonona kuma ya ja baya, don in ban da jar dawar taimako babu abin da ke shiga cikina. Majo, babban malamin asibitin Madawa, ya duba shi ya ce duk ruwan da zai shiga bakinsa a tafasa, ko cokali ɗaya ne, a sa sukari da ɗan gishiri, in kuma da hali a kai shi babban asibiti. Na ce to. A raina na ce, a tafasa da me? Bana gero bai kai gwiwa ba, babu kara. Shanu sun mutu, waɗanda suka rage sun yi kudu, babu kashin tsinta. Icen da ke tsaye kuwa ƴan gandun daji na gadinsa, tun da soja suka ce wanda ya sari ɗanye zai gamu da su.

Maigida yana gadi a Yamai, a ma'ajiyar masu haƙar rijiyoyi. Da saƙo ya kai masa sai ya aiko cewa motarsu za ta dawo daga daji ta biyo ta Madawa, mu shiga. Inna, uwarsa, ta ce ba za ta bar mijinta ya tafi birni da ni kaɗai ba. Laminu ke nan take kira mijinta.

Direban dattijo ne, Baba Hamani, Bazabarme, gemunsa ya yi ja da goro. Yana ganin zanen fuskar Inna ya dafa kai.

"Lahaula! Ba a gaya mini Gobirawa zan ɗauka ba. Da na zo da igiya."

Inna ta ce, "Igiyar ka ɗaure wandonka da ita. Buɗe wa uwargijiyarka ƙofa, Bazabarme."

Wasan Gobirawa da Zabarmawa ke nan, haka suka yi ta yi har Yamai. Inna ta shiga gaba. Ni na hau baya da yaron, tsakanin tanti a naɗe da igiyoyin rijiya da wani butali na ƙarfe, shuɗi, tsawonsa bai wuce turmin dakan yaji ba, an ɗaure shi da jikin mota. Na tambaya mene ne. Baba Hamani ya ce, "Gaz ne, wutarmu ce." Gabana ya faɗi. Na taɓa jin an ce abin nan in ya fashe ba a samun ko takalmin mutum. Duk ramin da mota ta faɗa sai na rufe kan Laminu da zane, kamar zane zai tare wani abu.

Kafin mu kai Ƙonni ruwan da na tafaso daga gida ya ƙare, yaro yana ta lasar baki. Na buga wa Baba Hamani rufin mota ya tsaya a gindin wani gawo. Na sauka na fara dube-duben ƙirare yadda muka saba, amma wurin kamar an share. Ya ce, "Me kike nema, ɗiyata?" Na ce abin hura wuta. Ya yi dariya ya sauko da butalin, ya ɗaura masa wani kai mai ƙafafu kamar murhu, ya murɗa wani ɗan makulli. Abin ya fara huci kamar maciji. Ya ƙyasta ashana, sai ga wuta shuɗiya ta zagaye, babu hayaƙi ko kaɗan. Risho suke ce masa. Ni dai ina can bayan gawo.

Inna ta leƙo ta taga ta ce, "Wutar da ba ta hayaƙi, ba ta toka, ai ta aljanu ce."

Ya ce masu haƙar rijiya suna yin wata guda a daji. Da can ice suke sara, yanzu an hana, da wannan suke dafa shinkafa da shayi, in sanyi ya yi su zagaye ta su ji ɗumi. Kafin ya gama magana ruwa ya tafasa. Wallahi ko ƙirgen tasbaha ɗaya ba a yi ba.

Sai ya ce in matso, tunda ni ce mai yaro. Ya riƙe yatsana ya ɗora a kan makullin.

"Ki ji da kyau. Wannan ba a hura ta, ba a kashe ta da ruwa ko ƙasa. Nan ake murɗawa. In kin kashe harshen ba ki murɗa ba, iskar tana nan tana fita. Ba ta tashi sama, ƙasa take kwanciya kamar ruwa, tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. In ta gamu da garwashi ɗaya, shi ke nan. Duk wanda ke ɗaki tare da ke ki koya masa." Ya juya ya ce, "Bagobira, sauko a koya miki."

Inna ta ce, "Ina hura wuta tun uwarka tana goyonka. Kai za ka koya mini?"

Ta juya kai. Ya dube ni ya ce in koya mata daga baya. Na ce to. Amma ku da kanku kun sani, wace ce a cikinmu za ta zaunar da uwar mijinta ta ce zo in koya miki wuta? Na bar shi a kan gobe.

A Ƙonni muka iske shingen jandarma da na duwan, masu binciken kaya. Iyakar Najeriya a rufe take, manyan motoci sun yi layi, ƴan kasuwa suna kwance a ƙarƙashinsu, wasu sun ce sun kusa wata a nan. Wani soja ya zo ya ce karti, wato takardar shaida. Na ba da nawa. Inna ta kwance bakin zane, ta fito da tsumma, cikin tsumma wani tsumma, cikin wannan kuma takarda a naɗe, ta miƙa da ƙarfin gwiwa. Sojan ya duba ya duba, sai ya kira ɗan'uwansa. Ashe takardar allurar awakinta uku ce ta shekarun baya.

Ya ce, "Inna, ke ce akuya ukun, ko suna baya?"

Ta ce, "Sun mutu, ɗana. Ni kaɗai na rage."

Dariyar ta tsaya masa. Ya naɗe takardar yadda take ya mayar mata da hannu biyu. Da ya leƙa baya ya ga Laminu ya tambayi ciwonsa, sai ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙwayar sukari ta shayinsa ya zuba mini a tafi. Ya ce shi mutumin Tawa ne, ƙaninsa ma haka ya yi. Bai ce ya warke ba, ni ma ban tambaya ba.

Daga nan hanya ba ta rabu da mutane. Mata da tabarmi da tukunya a ka, maza da yara a wuya, Buzaye a ƙasa babu raƙumi. Duk yamma ko kudu suka nufa. A Dogon Dutsi muka sauka, a rumfar wata mai tuwo da ta daina tuwo. Baba Hamani ya kunna risho kafin magariba ya ɗora shinkafa da tumatir na gwangwani. Matan da ke zaune a tashar suka matso kallon wutar. Ni na san ba wutar kaɗai suke kallo ba, har na ji kunyar ƙamshin. Baba Hamani ya ƙara ruwa ya ƙara shinkafa har tukunyar ta kusa hana murfi zama. Kowa ta samu loma biyu uku. Inna ta ci ta ce babu daɗi, abincin da bai sha hayaƙi ba kamar ba a dafa ba, sannan ta sake miƙa kwano.

Bayan Doso Hausa ta ƙare a bakin hanya, sai "fofo, fofo" kake ji, ita ce sannunsu, ita ce kuma na gode. Muka ga raƙuman dawa biyu suna cin ganye a kusa da kwalta. Inna ta ce wa Baba Hamani, "Ƙasarku har raƙumanta ba su fito daidai ba."

Yanzu gadar da kuke ta tambaya. Gaskiya ne, mota tana bi ta saman kogi, da mutane da jakai da raƙuma duk tare. Inna ta rufe ido tana salati har muka haye. Ni na duba. Ruwan ya janye, tsakiya duk rairayi, mata suna wanki a inda aka ce jirgi yake bi da. Raƙuman da ke kan gadar kuwa ice ne a bayansu, daga nesa ake kawo shi. A Yamai ice saye ake yi, ƴan sanduna uku a ɗaure kamar rake. Ruwa ma saye, masu garwa ke kawowa. Ganyen zogale da muke tsinka a bayan ɗaki, can kwaɗa shi ake yi a sayar a takarda, kopto suke ce masa. Maƙwabcinka yana iya wuce ka da safe da "fofo" ɗaya, bai tambayi kwanan yara ba, ba kuma fushi yake yi ba.

Harobanda ake ce wa unguwar, a ƙetaren kogi. Ɗakin maigida ɗaya ne, na ƙasa, ƙofar kwano, ƴar taga ɗaya da ya toshe da kwali saboda sauro. Washegari ya kai mu asibiti. Likitar mace ce, da wando kamar namiji, ban iya kallonta ba da farko, amma hannunta da sanyi. Ta ba mu garin magani a ƴan takardu ta ce kwana goma, a ruwan da ya tafasa, ko sau ɗaya kada a yi sake. Baba Hamani da ya ji haka ya sauke mana rishon. Ya ce zai je Tondibiya wajen iyalinsa har a gama gyaran mota. Ya ɗaga butalin ya girgiza a kunnena, na ji abu yana motsi kamar ruwa.

"In ruwan yaro kaɗai kike dafawa zai kai ki kwana goma. In kika ce tuwo, ba ruwana."

Jikin ɗakinmu akwai wani kango da ba a rufa ba. Mutanen arewa ne a ciki, Zabarmawan da fari ya koro, sun kafa tabarmi a kan sanduna. Kwana biyu da zuwanmu ina dafa ruwa, sai ga wata tsohuwa a bakin ƙofa, siririya, da tsingaro a hannu. Daga baya na san sunanta Haisa. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin Zabarmanci, amma macen da ta zo da tsingaro kowa ya san wuta ta zo ɗiba. Ta ce, "Danji." Na nuna mata rishon. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin tukunya, ta leƙa ta baya, ta sa ɗan tsinke tana tono ko garwashi zai faɗo. Ta dube ni kamar na ɓoye shi. Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Na faɗa muku ta aljanu ce." Tsohuwar ma ta yi dariya, da haƙori biyu.

Na kunna mata tsumma na miƙa. Ta girgiza kai. Ashe ko ta kai babu abin da za ta hura. Ta kama bakin zanena ta ja ni cikin kangon. Ɗiyarta ce, Gambi, kwance a tabarma, kwana uku da haihuwa, jinjiri a gefenta kamar ɗan tsako. Tun da ta haihu ruwan zafi bai taɓa jikinta ba. Tana rawar sanyi da rana tsaka.

Zan faɗi gaskiya ko da za ku zage ni. Na yi kamar ban gane ba. Na ce fofo na fito. Tukunyar wanka ɗaya ta fi ruwan Laminu na kwana biyu. Na riga na binne ɗaya. Ranar na kasa cin abinci. Inna da ta je ta gani ta dawo tana faɗa, ba da ni ba, da bango: "Mai jego babu wanka! Ko a yunwar da aka haife ni ba a yi haka ba." Maigida ya ce Hamani ya ce gaz ɗin na yaro ne, amma bai dube ni ba da yake faɗa. Da safe na girgiza butalin a kunne, na daɗe ina saurare, sannan na ɗora rabin tukunya. Haka na riƙa yi kowace safiya, in kai, mu yi mata wanka da ganyen dogon yaro ni da Haisa, in dawo in sake girgiza butali gabana yana faɗuwa.

Inna da Haisa kuwa suka ƙulla hira da hannu. Inna ta zo da wani sassaƙen magani daga gida tana son ta turara Laminu, ga shi babu garwashi. Na ga tana nuna wa Haisa sassaƙen tana kaɗa hannu kamar hayaƙi. Ban kawo komai a raina ba.

Ranar ta biyar da hantsi abin ya faru. Na sauke ruwan Gambi, na ɗora ƙaramar tukunyar Laminu, na ce wa Inna yanzu zan dawo. Na daɗe, don jiri ya ɗebi Gambi a wurin wanka, sai da na riƙe ta. Haisa ba ta nan, tun asuba ta tafi bakin kogi tsintar ƙwallon goriba da busasshen kashin shanu, ta samu ta hura wuta a bayan kango.

Kun san Inna da wuta. Tun da nake gidan ban taɓa ganin ta bar ice yana ci bayan an sauke tukunya ba. Janyewa take yi ta kashe ta ajiye na gobe. Da ruwan ya tafasa ta sauke, ta ga wuta tana ci a banza, babu icen janyewa, sai ta jiƙa tsumma ta danne. Wuta ta mutu. Ta kwantar da Laminu a tabarma a ƙasa, kusa da butalin, ta jawo ƙofa saboda ƙuda, ta fito waje tana tsintar shinkafa.

Na fito daga kango da bokiti, sai na ga Haisa a gabana tana tafiya da sauri, tsingaro a hannu cike da garwashi ja wur, tana murna ta kawo wa ƙawarta. Inna ta miƙe tana cewa madalla, ta kai hannu ga ƙofa. A nan warin ya buge ni. Ruɓaɓɓen ƙwai.

Ban san lokacin da na yar da bokitin ba. Na kai wa hannun Haisa duka, tsingaro ya yi can cikin rairayi ya rabe biyu, garwashi ya watse, ɗaya ya sauka a ƙafata, ban ji ba sai daga baya. Na ce, "Inna, matsa!" da muryar da ban taɓa yi wa ko akuya ba. Na ture ta. Uwar mijina, na ture ta har ta zauna a ƙasa. Na shiga, ɗakin yana huci, warin ya cika mini maƙogwaro. Na sunkuci yaro da hannu ɗaya, na murɗa makullin da ɗayan, na fizge kwalin taga na fito. Jikinsa a sake, idonsa a lumshe. Na girgiza shi ina kiran sunansa a tsakiyar titi. Ya yi tari, ya yi amai a kafaɗata, sannan ya tsala kuka. Ban taɓa jin abu mai daɗin kukan nan ba.

Na tattake garwashin da rairayi ɗaya bayan ɗaya, na hana kowa matsowa har warin ya fita. Haisa tana tsaye tana riƙe da hannunta, ba ta san laifinta ba. Na kai ta bakin ƙofa na nuna mata hanci, na nuna garwashi, na buɗe hannuwa biyu na ce bum. Ta dafe ƙirji ta zauna.

Inna ba ta tashi daga inda ta faɗi ba. Can ta ce a hankali, "Wuta ce na ga tana ci a banza."

Na durƙusa a gabanta na ce ta yafe mini turewar. Na ce laifina ne, an ce in koya mata na ji nauyi. Sai ta miƙo hannu. Ta karɓi Laminu ta sa hancinta a wuyansa ta daɗe.

Da na ɗaga butalin sai na ji shi sakayau. Na girgiza, da ƙyar wani abu ya motsa. Ya yi mana ruwan yamma da na dare, shi ke nan ya mutu da kansa. Saura kwana biyar, Baba Hamani yana Tondibiya, maigida kuma ƙarshen wata bai yi ba. Na kwana ina cewa da ban ɗiba wa Gambi ba, da ko bayan wannan wani abu ya rage. Allah ya yafe mini, haka na ce.

Gari na wayewa na ji ana ƙwanƙwasa kwano. Haisa ce, da rabin tsingaron nan, garwashi a kai, ta tsaya nesa da ƙofa tana shaƙar iska kafin ta matso. A bayanta matan kango ne su shida ko bakwai. Wannan da sanda ɗaya, wannan da ƙwallon goriba a zane, wannan da kashin shanu, wata da ƙafar karyayyiyar kujera. Mutanen da ba su da abin dafa nasu. Suka zube a ƙofarmu ba su ce komai ba sai fofo.

Inna ta fito ta dubi kayan, ta ɗaure zane. Ta sa aka kawo duwatsu uku. Ta ce kowa ya matsa. Wallahi ban san ta iya wuta ba sai ranar. Ta jera ƙwallon goriba a tsakiya, ta kare iska da murfin tukunya, ta tura sanda ɗaya daidai gindin tukunya ba ta bar harshe ya fita gefe ba. Ruwan Laminu na tafasa ta ɗora na Gambi a kan sauran, yana yin zafi ta janye ta kashe ta ajiye. Abin da ni zan ƙone a safiya ɗaya ta ja shi yini. Kwana biyar matan suna kawowa, Inna tana hurawa, ko sau ɗaya yaron bai sha ɗanyen ruwa ba, Gambi kuma ba ta rasa wanka ba. Har sassaƙenta ta turara, na bar ta.

Ran da Baba Hamani ya dawo da sabon butali Laminu yana zaune yana bugun kwano da ludayi. Ya ɗaga tsohon butalin da yatsa ɗaya, maigida ya ba shi labari. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya dubi yaron ya ce, "Na faɗa tun Madawa, igiya ya kamata in zo da ita."

Inna ba ta rama ba. Ta ce, "Ɗaura kan nan, Bazabarme." Ya ɗaura. Ya matso zai nuna mata, ta ce, "Ba kai ba." Ta dube ni. "Ke ƴar nan, zo ki nuna mini."

Na durƙusa na riƙe yatsanta na ɗora a kan makullin, kamar yadda aka yi mini a gindin gawo. Ta kunna ta kashe sau uku. Ta aika aka kira Haisa, ita kuma ta koya mata da kanta, da Hausa, da ƙarfi, kamar ƙarfin zai sa ta ji.

Wannan ita ce Yamai da na gani. Ban je kasuwa ba sai sau ɗaya, ban ga gidan shugaba ba, kada ku tambaye ni. Tabon ƙafata da kuka ce ko ƙunar tuwo ce, yanzu kun san ta mece ce. Da za mu taho Haisa ta ba ni rabin tsingaron, ta riƙe rabi. Yana cikin kwallata.

Baba Hamani ya ce tunda ice yana ƙarewa, rishon nan zai zo har ƙauyuka, ko ba bana ba. Abu biyu nake roƙo. In ya shigo gidanki, kafin ki ɗora tukunya ki fara koya wa wadda ta fi kowa tsufa a gidan, ko uwar mijinki ce, ko za ta zage ki. Na biyu, duk wanda Allah ya kai Yamai, ya haye gada ya shiga Harobanda ya tambayi kangon da mutanen arewa suka zauna, ya nemi tsohuwa Haisa uwar Gambi. Ya zo in ba shi tiyar gero ya kai mata. In ba ya jin Zabarmanci ba komai, ya nuna mata da hannu cewa yaron ya fara tsayuwa.